Idan Aka Miƙo Maka Soja a b4

Ɗana, kada gabanka ya faɗi idan mai fararen kaya ya tura soja zuwa b4 a taku na huɗu na wasan ces. Tsohon salo ne. Wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, William Evans, mutumin Wales, shi ya fito da shi, ya gwada shi a kan Alexander McDonnell a Landan a 1827. Kun fito da dawakai, bishof ɗinsa na c4, naka na c5, sai ya miƙo maka soja kyauta. Ba don ƙauna ba ce. Lokaci yake saye: kana ci, ya kori bishof ɗinka da c3, ya kafa d4, ya sa ido a kan f7, gidan da sarkinka kaɗai ke gadi.

Abin da ke kayar da yara a nan shi ne riƙe sojan nan ƙam-ƙam. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Bi sawun Emanuel Lasker, Bajamushen da ya riƙe kambin duniya daga 1894 zuwa 1921. Ci sojan, ka koma a5. In ya ɓoye sarkinsa a kusurwa, taka d6. Ya turo d4, ka janye bishof zuwa b6 a natse, ka bar masa e5 in yana so. Zai ci, ka rama, a yi musayar sarauniyoyi a d8, dokinsa ya ɗauke sojanka na e5. Bashi ya biyu ke nan. To amma dubi allon da kyau: sarauniyar da zai kai farmaki da ita ta tafi, sojojinsa na a2 da c3 kowanne ya zama maraya, na c3 ma ya tare wa dokinsa hanya. Naka kuwa uku-uku suke, kafaɗa da kafaɗa. Fito da bishof zuwa e6, ka yi wasanka a tsanake.

Sai dai kada ka raina salon. Masu wayo sukan turo d4 kafin su ɓoye sarki, su kawo sarauniya b3. Nan, in ka riga ka taka d6, sai ka tare da taka sarauniyar a d7. Kasparov ma da salon nan na b4 ya doke Anand a Riga a 1995, cikin taku 25 kacal.

Shimfiɗa allo da yamman nan, ka zauna a ɓangaren baƙi, ka maimaita takun nan har hannunka ya saba.