Yadda Ake Karanta Tarihin Ƙasa a Jikin Duwatsu

A Kalambaina kusa da Sakkwato, inda ake fasa dutsen farar ƙasa don yin siminti, akan tarar da ɓawon halittun teku a cikin dutsen. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, ruwan gishiri ne ya shafe yankin. Masana duwatsu sun gano haka ne ta bin wasu matakai da duk mai ido da haƙuri zai iya koya.

Da farko mai nazari yakan nemi inda ƙasa ta buɗe cikinta: gaɓar kogi, kwazazzabo, ramin fasa dutse, ko tudun da aka yanke don hanya. Yakan riƙe guduma, madubin ƙara girma, littafi da kwalbar asid mai rauni. In ya ɗiga asid ya ga kumfa, to akwai farar ƙasa a dutsen.

Na biyu, ya zana shimfiɗun tun daga ƙasa zuwa sama, ya auna kaurin kowacce. Ƙa'idar da Nicolas Steno ɗan Denmak ya rubuta a 1669 ita ce, in ba a hargitsa su ba, ta ƙasa ta girmi ta sama, kamar zannuwa a akwati.

Na uku, ya duba kwanciyarsu. Yashi da laka a kwance suke taruwa, don haka shimfiɗar da ta karkace ko ta miƙe tsaye wani ƙarfi ne ya motsa ta daga baya. A 1788 James Hutton ya je Siccar Point a gaɓar tekun Sikotilan, ya ga shimfiɗu a tsaye, jan dutsen yashi kuma ya kwanta a kansu. Daga nan ya karanto labarin daki-daki: na ƙasan sun taru, suka tanƙware, ruwa ya zaizaye kansu, sannan na saman suka zo. Binciken da aka yi daga baya ya nuna tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusan shekara miliyan 65.

Na huɗu, ya nemi abin da ya ratsa wani. Tsaga ko narkakken dutsen da ya keta shimfiɗa ƙanenta ne, domin sai da ya same ta kafin ya keta ta. Da wannan aka san duwatsun Jos masu ɗauke da kuza sun zo ne bayan tsofaffin duwatsun da suka kutsa cikinsu.

Na biyar, ya gwada abin da ya gani da abin da ke faruwa a yau. Tsakuwa mai sulɓi ruwa mai gudu ne ya mulmula ta, laka mai laushi kuwa sai a ruwa kwantacce take zama.

Na shida, ya tattara burbushin halittu. William Smith, wanda ya fitar da taswirar duwatsun Ingila a 1815, ya lura kowace shimfiɗa da irin burbushinta, kuma jerinsu ba ya sauyawa daga gari zuwa gari. Da haka ake haɗa duwatsun wurare masu nisa. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku, Goronyosaurus, wanda danginsa suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Ke nan shimfiɗarsa ta girmi ta Kalambaina.

Duk waɗannan matakai suna nuna wane ya riga wane ne kawai. Adadin shekaru sai a ɗakin gwaji, inda ake auna yuraniyam da darma a ƙwayoyin ma'adinin zikon. Rabin yuraniyam-238 kan koma darma cikin shekara biliyan 4.5. An fi auna tokar dutse mai aman wuta, saboda idan aka sami shekarun wadda ke sama da wadda ke ƙasa, na shimfiɗar tsakiya suna tsakaninsu. Gwajin kabon-14 ba ya aiki a nan, don bai wuce kimanin shekara 50,000 ba.