DARASI: YADDA AKE KWAFAR FAYIL DA FOLDA A KWAMFUTA

Tun kafin a yi daram aka yi kwandi. Kwafar rubutu tsohon aiki ne a ƙasar Sakkwato. Da hannu almajirai suka riƙa juyar littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da na Abdullahin Gwandu, da na Muhammadu Bello. Idan kofi ɗaya ya ƙone ko gara ta cinye shi, akwai wani a wani gari. Shi ya sa littattafan nan suka kawo yau.

Yanzu rubutu da yawa yana cikin kwamfuta: rajistar ajin yaƙi da jahilci, sunayen manoma masu jiran taki, hoton takardar gona. Kwamfuta kuwa tana iya lalacewa, ana iya sace ta. Abin da ba shi da kofi, ya tafi ke nan.

Sababbin kalmomi

Fayil: takarda ɗaya ko hoto ɗaya da ke cikin kwamfuta.

Folda: jakar da ake zuba fayil da yawa a ciki.

Filash: ɗan ƙaramin ma'aji kamar yatsa, wanda ake soka wa kwamfuta.

Umurni: kalmar da ake rubuta wa kwamfuta don ta yi aiki.

Buɗe baƙin allo

A kwamfuta mai Windows akwai wani baƙin allo da ake rubuta umurni a kansa. Aikinsa ba ya bukatar intanet. Wannan yana da amfani ga mutanen Bafarawa, domin a shekarar 2021 an rufe layukan waya a Isa da Sabon Birni saboda matsalar tsaro.

A danna madannin Windows tare da harafin R. A rubuta cmd, a danna Enter. Baƙin allo zai fito.

Kowane ma'aji yana da harafinsa. Cikin kwamfuta shi ne C. Filash yakan zama D ko E ko F. A duba harafinsa tukuna. A wannan darasi an ɗauka E ne.

Kwafar fayil ɗaya

Umurnin kwafa yana da sassa 3: kalmar umurni, inda abu yake, da inda za a kai shi. Tsakanin kowane sashe a bar fili.

Misali, sakataren ƙungiyar manoma yana da fayil mai suna taki.doc a cikin folda mai suna Manoma. Sai ya rubuta:

copy C:\Manoma\taki.doc E:\

Idan ya danna Enter, kwamfuta za ta nuna cewa an kwafi fayil 1. Na asali yana nan inda yake. Yanzu sun zama biyu.

Kwafar folda duka

Umurnin copy ba ya ɗauko foldar da ke cikin wata folda. Don haka ake amfani da xcopy:

xcopy C:\Manoma E:\Manoma /E /I

Alamar /E tana nufin a haɗa da duk ƙananan foldodi, har da waɗanda babu kome a ciki. Alamar /I tana gaya wa kwamfuta cewa inda za a kai kayan folda ce.

A tabbatar

Mai awon gero ba ya ɗaure buhu sai ya ƙirga kwano. Bayan kwafa, a rubuta:

dir E:\Manoma

Sunayen duk abin da ke ciki za su fito. A gwada su da na asali.

Abubuwan kiyayewa

1. Kada a juya tsari. Inda abu yake shi ne farko, inda za shi shi ne ƙarshe. Wanda ya juya yana iya danne sabon aiki da tsoho.

2. Idan akwai fayil mai suna iri ɗaya a can, kwamfuta za ta yi tambaya. Y na nufin a danne tsohon, N na nufin a bar shi. Wanda aka danne ba ya dawowa.

3. Kada a rubuta move a maimakon copy. Move yana ɗauke abu ne daga wurinsa.

4. Idan suna yana da fili a tsakiya, a sa shi cikin alamar zance, kamar haka: "C:\Ajin Mata".

5. Kada a ajiye filash a ɗaki ɗaya da kwamfuta. Gobara ko ɓarawo ba sa zaɓe. A damƙa shi ga amintacce a wani gida. Mai ƙwarmin ido da wuri yake fara kuka.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin fayil da folda?

2. Waɗanne ne sassa 3 na umurnin kwafa?

3. A rubuta umurnin kwafar folda mai suna Aji daga C zuwa E.