Tubalin Zane: Daga Ƙofar Kabuga Zuwa Kwamfuta

Duk wanda ya lura da tsofaffin gidajen ƙasa na birnin Kano, daga Ƙofar Kabuga zuwa Kasuwar Kurmi, zai ga magina ba sa ƙago sabon abu a kowane gida. Tubali iri ɗaya ne, haka azara da indararo da zanko. Jerin ne kawai ke sauyawa.

A kan wannan dabara manhajojin zanen gida suka ginu. AutoCAD, wadda ta fito a 1982, tana ba mai zane damar zana ƙofa sau ɗaya, ya adana ta, sa'an nan ya dasa ta a wurare hamsin. In ya gyara ta asalin, sauran duka su gyaru nan take. Ƙwayoyin halitta ma kwafin kansu suke yi, amma ba su da wannan gata. In sun rabu, sun rabu ke nan.

Wajen daidaiton awo AutoCAD ce a gaba, sai dai tsada da wuyar koyo. SketchUp, ta shekarar 2000, ta fi sauƙi, kuma tana nuna ginin a tsaye. Sweet Home 3D kyauta ce, ta kuwa ishi ɗalibin sakandare.

Cikas ɗin yana cikin rumbunansu na shiryayyun zane: yawancinsu kayan gidajen Turai da Amurka ne, da wuya a tarar da zanko ko bakan gizo. Saboda haka ya kamata malami ya sa ɗalibai su auna ƙofar zauren gidansu da tef, su zana ta, su adana ta a rumbun ajinsu.