Idan Sugan Mai Gida Ya Sauka

Da zarar likita ya ce Baba na da ciwon suga, abu na farko da ake yi a gida shi ne ɓoye kwalin suga. To, kada a kai shi nesa. Hawan suga a hankali yake cin mutum, saukarsa kuwa cikin mintuna take kayar da shi.

1. A san maganin da yake sha. Allurar insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, su ne suka fi saukar da suga fiye da kima. Metformin ita kaɗai ba kasafai take yin haka ba.

2. Kada a sha magani a fita ba a karya ba. Dattijo ya haɗiye ƙwayarsa bayan asuba, ya hau keke-napep daga Samaru zai je kasuwar Sabon Gari, yana cewa koko ya jira sai ya dawo. Kafin Kwangila gumi ya jiƙe masa riga, hannu na rawa, zuciya na dukan uku-uku, magana ta fara harɗewa. Wasu sai su ce iska ce ta taɓa shi, a hau yi masa tofi. A yi addu'ar, amma a ba shi suga tukuna.

3. In akwai na'urar awo, ƙasa da 70 ne alamar, ko 3.9 a wasu na'urorin. In babu, kada a tsaya nema. A jiƙa ƙwayar suga uku ko huɗu a ruwa a ba shi, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15, a sake awo, in sugan bai tashi ba, a ƙara ba shi. Da ya dawo hayyacinsa a bi shi da abinci mai riƙe ciki, tuwo ko burodi.

4. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, don zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a nufi asibiti mafi kusa ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da kwalin maganinsa a hannu. Mai shan Daonil, musamman tsoho ko mai ciwon ƙoda, ko ya farfaɗo a kai shi, domin ƙwayar kan daɗe a jiki, sugan ya sake faɗuwa cikin dare.

5. Azumi. A ga likita tun a watan Sha'aban ya gyara lokacin shan magani. In awo ya nuna ƙasa da 70, a karya azumin nan take da abu mai zaƙi, ko da saura kaɗan a kira magariba. Ranar ramuwa na nan.

6. Dabino uku a aljihun Baba, da 'yar takarda mai sunan maganinsa da lambar wayar ɗansa.