Idan Hoton Talabijin Ya Riƙa Yankewa: Abin Da Mai Gida Zai Duba

Tun daga shekarar 1959 da aka buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan, da kuma 1962 da aka buɗe na Kaduna, jama'ar ƙasar nan sun saba da tsohon tsarin watsa hoto. Bisa yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Janiba a 2006, Nijeriya ta shiga aikin komawa sabon tsari, watau na dijital, a ƙarƙashin Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa. An fara da Jos da Abuja a 2016, Kaduna da Ilori suka biyo baya a 2017, Inugu da Oshogbo a 2018, sa'an nan Legas da Kano a 2021. Mutane da yawa suna kukan cewa hoto yakan daskare ko ya ɓace ɗungum, har wasu su kashe kuɗi wajen sayen sabuwar dikoda, alhali kuwa lafiyarta ƙalau. Wannan darasi zai nuna inda cutar ta fi ɓoyewa.

Bambancin tsoho da sabo

A tsohon tsari, idan sigina ta yi rauni, hoto yakan yi dishi-dishi kamar ana yayyafi, amma ana iya ci gaba da kallo. Sabon tsari ba haka yake ba. Tasha tana aiko da hoto da murya ne a matsayin lambobi, dikoda kuma ta harhaɗa su. Muddin lambobin sun iso mata da yawan da take bukata, hoto zai fito tangaran. Da zarar sun gaza ko da kaɗan ne, sai hoto ya farfashe gida-gida, murya ta riƙa sarƙewa, daga nan allo ya yi baƙi. Saboda haka kyawun hoton jiya ba shaida ba ne cewa sigina tana da ƙarfi; mai yiwuwa ne a bakin gaɓa take tun tuni, iska kaɗan ta tura ta.

Ma'auni biyu

Kowace dikoda tana da shafin da ke nuna ma'auni biyu: ƙarfin sigina da ingancinta. Ƙarfi shi ne yawan abin da ya iso, inganci kuwa shi ne tsabtarsa. Misali, mutumin da ke ɗaga murya a tsakiyar kasuwa yana da ƙarfi, amma hayaniya takan hana a fahimce shi. To, inganci shi ne abin lura. Idan ma'auninsa yana hawa yana sauka, akwai gyara a gaba. A bar wannan shafi a buɗe yayin da ake bin matakan nan ɗaya bayan ɗaya.

1. A karanta saƙon da ke kan allo. Saƙon da ke cewa babu sigina daban yake da wanda ke cewa kuɗin kallo ya ƙare. Haka kuma a tabbata an saita talabijin a kan ƙofar da aka jona dikoda.

2. A tambayi maƙwabta. Idan duk unguwa hoto ya ɗauke, to, daga tasha ne, sai a yi haƙuri. Idan kuwa gida ɗaya ne, laifin yana cikin gidan.

3. A duba waya tun daga bayan dikoda har zuwa kan eriya. A nan ne galibin matsala take. Zafin rana yakan fasa rigar waya, ruwan sama ya shiga, jan ƙarfen ciki ya yi tsatsa. Kan waya mai sako-sako a ɗaure shi, kuma kada silin ragar da ke kewaye ya taɓa ƙarfen tsakiya. Wayar da aka yi wa ƙari aka naɗe da leda, a musanya ta da guda ɗaya mai kauri, wadda masu sayarwa ke kira RG6. Kada ta wuce tsawon da ake bukata, domin sigina tana raguwa a kowace mita. Kafin ta shiga bango, a lanƙwasa ta ƙasa kaɗan yadda ruwa zai ɗiga waje.

4. A duba eriya. Siginar wannan tsari tana tafiya ne kusan a miƙe, don haka tudu, dogon gini da manyan itatuwa suna tare ta, musamman da damina lokacin da ganye ya cika ya jiƙe. Eriyar cikin ɗaki a ƙarƙashin rufin kwano ba ta cika amfani ba sai ga wanda ke kusa da tasha. A kafa ta waje a saman rufi, ta fuskanci inda dogon ƙarfen tasha yake. Iskar farkon damina takan juya ta, saboda haka a ɗaure ta tamau. Wajen saiti mutum biyu ake bukata: ɗaya yana juyawa sannu a hankali yana dakatawa, ɗaya yana kallon ma'auni.

5. A rage rabon sigina. Duk inda aka raba waya ɗaya ga talabijin biyu, kowanne yana samun ƙasa da rabi. A cire abin rabon a gwada da ɗaya tukuna.

6. A lura da wutar lantarki. Idan hoto yana yankewa ne kawai sa'ad da aka tada janareta ko injin niƙa, a nisanta wayar eriya daga wayoyin wuta. Ƙarancin wuta kuma yakan sa dikoda ta riƙa mutuwa tana tashi.

7. Bayan duk wannan, a sa dikoda ta sake binciken tashoshi, domin wani lokaci akan sauya musu zango.

Game da busta

Kada a yi gaggawar sayen busta. Aikinta ƙara ƙarfin abin da ta samu ne, har da dattinsa. Ba ta mai da gurɓatacciyar sigina mai kyau. Tana da amfani idan gida yana nesa da tasha ko waya ta yi tsawo, kuma a kusa da eriya ake ɗaura ta. Ga wanda ke dab da tasha kuwa, tana iya cika dikoda fiye da kima har hoto ya lalace.

Masu kama hoto ta tauraron ɗan adam su sani cewa ruwa mai ƙarfi da baƙin hadari sukan tare sigina na ɗan lokaci. Kada a taɓa farantin, hoto zai dawo da kansa idan an ɗauke. Idan bai dawo ba, a duba ko iska ta goce da shi.

Gargaɗi

Rai ya fi hoto. Kada a hau rufi ana ruwa ko ana walƙiya, kada a aiki yaro. A kafa sandar eriya nesa da wayoyin lantarki, yadda ko ta faɗi ba za ta taɓa su ba. Idan hadari ya haɗu da tsawa, a zare wayar eriya da ta wuta tun kafin ya iso. Kada kuma a buɗe cikin talabijin ko dikoda. Wannan aikin ƙwararren mai gyara ne. Idan an kai gare shi, a gaya masa matakan da aka bi da abin da ma'auni biyu suka nuna, domin hakan zai rage masa lalube, ya kuma rage wa mai gida asara.