Amsoshin Tambayoyinku: In Sayi Darasin Kaɗa Jita a Intanet Ko In Haƙura?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Kaduna. Wata huɗu ke nan da na sayi jita ta hannu. Hannun hagu ya fara sabawa, ina iya danna kod huɗu zuwa biyar. Amma da na ɗora hannun dama sai kiɗan ya wargaje, ba ya kama da waƙar da nake bi. Na ga tallar wani darasi a intanet, an ce cikin wata guda zan iya salon kaɗawa iri 50. Kuɗin da dala ne, kuma sai na yi tari kafin in iya biya. In saya ko in haƙura?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗana, na kuma ji daɗin yadda ka tsaya ka yi shawara kafin ka kwance lalitarka. Idan na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne ko darasin kuɗi zai gyara maka hannun dama, kuma ko gyaran ya kai kuɗin. Ba zan ce maka saya ko kada ka saya kai tsaye ba, don amsar tana hannunka, a wani gwaji da zan ba ka nan gaba. Amma bari mu fara da sanin ciwon kafin mu je ga mai magani.

Ga masu karatu da ba su taɓa riƙe jita ba, tana da tsirkiya shida. Hannun hagu ne ke danne wasu daga cikinsu a wuyan jitar, su ba da sauti mai jituwa idan an kaɗa su tare. Wannan haɗin shi ake kira kod. Hannun dama kuwa shi ke share tsirkiyoyin, ya yi ƙasa ya dawo sama, da yatsu ko da wani ɗan falle na roba. Hagu ke zaɓen sauti, dama ke riƙe lokaci. Saboda haka a jita, hannun dama shi ne makaɗin ganga. Idan mai kalangu ya riƙa yin gaba yana yin baya, komai daɗin muryar mawaƙi, 'yan amshi za su ruɗe, masu rawa su tsaya. Abin da ke faruwa da kiɗanka ke nan, kuma kusan duk mai koyo sai ya bi ta wannan gaɓa.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu, wadda tallar da ka gani take ƙara wa ƙarfi: wai iya kaɗawa shi ne haddace salo da yawa. Ba laifinka ba ne idan ka ɗauka haka, don haka ake nunawa. Gaskiyar ita ce yawancin salon nan daga tushe guda suka fito. Ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, a hankali kuma daidai wa daida. Duk lambar da ka faɗa, hannu ya yi ƙasa. Tsakanin lamba da lamba, hannu ya dawo sama. Ka ga motsi takwas ke nan a zagaye guda, huɗu ƙasa, huɗu sama. Hannun ba ya tsayawa ko kaɗan, kamar taɓarya a lugude. Abin da ake kira salo kawai shi ne zaɓen inda hannu zai taɓa tsirkiya da inda zai wuce ta bai taɓa ba.

Ga misali da salon da aka fi fara koya wa ɗalibai, wanda ake faɗa da baki: ƙasa, ƙasa, sama, sama, ƙasa, sama. Bugu shida ne cikin motsi takwas. A kan ɗaya ka taɓa. Dawowa sama ka wuce babu taɓawa. A kan biyu ka taɓa, dawowa ma ka taɓa. A kan uku hannu ya sauka a iska, bai taɓa ba, amma a dawowa ya taɓa. A kan huɗu ka taɓa, dawowa ma haka. Wurin da mafi yawan masu koyo ke faɗuwa shi ne kan ukun nan. Maimakon su bar hannu ya sauka a iska, sai su daskarar da shi suna jira, daga nan lissafi ya ɓata. Wanda ya gane wannan, salo 50 ba za su ba shi tsoro ba, don shi da kansa zai iya ƙirƙiro su.

Wani abin da ke wargaza kiɗa kuma ba daga dama yake ba, daga hagu ne. Idan yatsu suna jinkirin tashi daga wannan kod zuwa wancan, sai hannun dama ya tsaya yana jiran ɗan'uwansa. Maganinsa shi ne ka zaɓi kod biyu, ka sa agogo, ka ƙirga sau nawa za ka iya sauyawa tsakaninsu cikin minti ɗaya. Ka rubuta adadin, gobe ka sake. Sannan idan kana kaɗawa, kada ka bar dama ta jira hagu. Ko bugun ƙarshe ya faɗa kan tsirkiyar da ba a danne ba, ƙyale shi, ƙwararru ma haka suke yi.

To, me mutum yake saya idan ya biya kuɗin darasi? Ba asiri yake saya ba, don duk abin da na faɗa maka akwai shi kyauta. Wani malamin jita ɗan ƙasar Ostareliya, Justin Sandercoe, ya buɗe shafinsa na JustinGuitar tun 2003, kuma darussansa na masu farawa suna nan a jere, mataki bayan mataki, ba a biyan ko sisi a kan bidiyoyinsu. Abin da darasin kuɗi mai kyau yake sayarwa shi ne tsari: yau ga abin da za ka yi, gobe ga na gaba, ga kiɗan da za ka bi, ga yadda za ka san ka wuce wannan aji. Kada ka raina tsari. Mai yawo a YouTube yakan kalli malami goma a dare ɗaya, kowanne da tasa hanyar, ya kwanta bai taɓa jitar ba. Andy Mooney, lokacin da yake shugabantar kamfanin Fender mai ƙera jita, ya sha faɗa cewa kusan kashi 90 cikin 100 na masu fara koyo suna watsarwa cikin shekarar farko. Wannan na cikin dalilan da suka sa kamfanin ya fito da manhajarsa ta koyarwa, Fender Play, a 2017. Ka ga ke nan babban abokin gaba ba rashin bayani ba ne, rashin ɗorewa ne.

Sai dai akwai abin da bidiyo ba zai taɓa yi maka ba: ba ya jinka, ba ya ganinka. Ba zai ce maka ka ƙame wuyan hannu ba, ko ka damƙe robar da ƙarfi, ko kana sauri a duk inda waƙa ta yi daɗi. Akwai manhajoji irin su Yousician, na wani kamfani a ƙasar Finlan, waɗanda ke sauraro ta makirfon ɗin waya su gaya maka ko ka buga daidai kuma a kan lokaci. Suna taimakawa, amma ba su ganin kafaɗarka da zamanka. Makaɗan gargajiyarmu a gindin ubangida suke tashi, yana ji yana gyarawa, kuma wannan hikimar ba ta tsufa ba. Zama biyu ko uku da wanda ya iya, ko mai kiɗa a gidan biki ne, ko ɗan ƙungiyar mawaƙan coci, ko ɗalibin sashen kiɗa, yakan warware abin da mutum ya yi wata uku yana fama da shi shi kaɗai.

Ka kuma tambayi kanka irin kiɗan da kake so ka iya. Yawancin darussan nan an gina su ne a kan waƙoƙin Amurka da Ingila, masu ƙirgen huɗu irin wanda na kwatanta. Idan kuwa abin da ya ja ka zuwa jita shi ne kiɗan Abzinawa, irin na Bombino ɗan Agadas, ko Mdou Moctar, ko ƙungiyar Tinariwen ta Mali wadda ta ci kyautar Grammy a 2012, to hanyar ta ɗan bambanta. A can an fi tsinkar tsirkiya da yatsu, babban yatsa yana riƙe da ƙasan kiɗa, sauran suna zuba karin waƙa, kuma sau da yawa ƙirgen na shida ne, mai tafiya kamar takun raƙumi. Haka ma tsohon salon jita na Gana, irin na Koo Nimo, da babban yatsa da manuni ake yinsa. Darasin share tsirkiya zai ba ka tushen riƙe lokaci, wanda ba ya ɓaci a ko'ina, amma ba zai kai ka can ba. Wannan sai da kunne da yawan sauraro.

Yanzu ga gwajin da na yi maka alkawari. Ka ajiye kuɗinka na kwana 30. Ka sauke manhajar saita tsirkiya da kuma ta metironom, wato agogon kiɗa mai bugawa daidai wa daida, duka ana samunsu kyauta. Ka zaɓi malami ɗaya tak daga masu koyarwa kyauta, ka bi shi a jere. Kullum ka ware minti 15. Minti biyar na farko ka dafe tsirkiyoyin da hannun hagu don su yi shiru, ka sa agogon a bugu 60 a minti, wato bugu ɗaya kowace daƙiƙa, kana kaɗawa ƙasa da sama kana buga ƙafa. Minti biyar na biyu na sauya kod ne. Na ƙarshe ka ɗauki waƙa ɗaya mai sauƙi ka bi ta a hankali. Ranar farko ka naɗi kanka a waya, ranar 30 ma ka naɗa, ka saurare su a jere.

Abin da ka gani a ƙarshen watan shi zai ba ka amsa. Idan ka yi kwanakin kuma kiɗan ya fara zama, ba ka bukatar sayen komai a yanzu. Kuɗin ya fi amfani a sabuwar tsirkiya da kai jitar wurin mai gyara, musamman da yake ta hannu ce. Idan tsirkiya ta yi nisa da wuyan jita, danna ta azaba ce, kuma bushewar hunturu na iya sa katako ya motsa. Mutane da yawa sun zargi hannunsu alhali laifin na kayan ne. Idan ka yi kwanakin amma ka cije a wuri ɗaya da za ka iya kiran sunansa, to a nan darasin kuɗi ko malami na ido da ido zai biya bukata, don ka san abin da ka je nema. Idan kuwa kwana biyar kawai ka iya yi cikin 30, kada ka ji kunya, amma ka sani darasin da ka saya ma haka zai kwanta a waya. Abin gyarawa a nan shi ne lokacinka.

In ka yanke shawarar saye, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka kalli darussan gwaji da suke bayarwa kyauta, ka ga ko malamin yana ƙirgawa da baki, yana nuna hannu biyun kusa, yana farawa a hankali. Ka duba ko Turancinsa yana shigarka. Ka tabbatar ko biya ɗaya ne ko kuwa na wata wata, don irin na biyun yakan ci gaba da cirar kuɗi daga katinka har sai ka dakatar da kanka. Ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi. Kasuwar darussan intanet ta Udemy, misali, tana ba da kwana 30 a kan yawancin darussanta. Ka lissafa farashin da naira a canjin ranar, ka tambayi bankinka ko katinka na biya a waje, ka kuma sa kuɗin data a lissafi, sai dai in ana iya sauke bidiyon a kalla daga baya. Agogon nan da ke ƙirga saura awa kaza rangwame ya ƙare, kada ya firgita ka. Dabarar kasuwa ce, kuma darasin da ya cancanci saye yau zai cancanta a wata mai zuwa. Duk wanda ya yi maka alkawarin ƙwarewa cikin 'yan kwanaki, ka yi hattara da shi, don ko fatar yatsu sai ta ɗauki makonni kafin ta yi kanta.

Ka tuna, ɗana, Mdou Moctar da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke, yau ga shi yana zagaya duniya da kiɗansa. Marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe hankalin ƙasar Hausa shekara da shekaru. Kai kana da shida, ga waya, ga malamai kyauta, ga kunnen da ya tashi cikin kiɗa. Ka fara da minti 15 na daren yau. Bayan wata guda ka sake rubuto mini abin da ka ji a naɗin nan biyu, zan yi farin cikin mu duba mataki na gaba tare.