Amsoshin Tambayoyinku: Shin Najeriya Ta Taɓa Mallakar Jirgin Kwance Nakiya a Teku?

Wani mai sauraro, manomi daga ƙasar Ɗambatta a Jihar Kano, shi ya aiko da wannan tambaya. To malam, ta mallaka, tun ma kafin samun 'yancin kai.

A 1959 Ingila ta miƙa wa rundunar sojan ruwan Najeriya wani jirgi mai suna HMS Hare, wanda aka ƙera a Belfast lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka sauya masa suna zuwa HMNS Nigeria. Irinsa waya mai tsawo yake ja a bayansa, kamar yadda shanun huɗa ke jan garma. Wuƙaƙen da ke jikin wayar sai su datse igiyar da ta ɗaure nakiya da ƙasan teku, nakiyar ta taso saman ruwa, sojoji su harbe ta daga nesa. Jirgin bai daɗe ba dai, a 1962 aka sallame shi, aka wargaza ƙarfensa.

A 1987 da 1988 kuma Najeriya ta karɓi wasu biyu daga kamfanin Intermarine na Italiya, na farkon shi ne NNS Ohue. Waɗannan farautar nakiya suke yi ɗaya bayan ɗaya, da na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta saurari amonsa. Ba da ƙarfe aka yi jikinsu ba, da roba mai zaren gilashi ne, domin akwai nakiyar da maganaɗisun ƙarfen jirgi kaɗai ke tayar da ita.